Fuskar da Baba Kafinta Ya Jira

Duk wanda ya taɓa kai wa Baba Kafinta aiki ya san halinsa biyu. Na farko, in ya ce maka ka dawo Talata, to ka tambaye shi Talatar wane wata. Na biyu, abin da ya fito daga hannunsa ba ya komawa gyara. Kujerar da ya haɗa sai dai jikokinka su gaji da ganinta su kyautar. Shagonsa na bayan cocin unguwa, ɗaki ɗaya da rumfar kwano, garin katako ya taru a ƙasa har yana rufe wa mutum takalmi. Kujerun cocin, da ƙofofi, da teburin gaba, duk shi ya yi su. Makullin cocin ma a aljihunsa yake kwana, don an canza Fada, limamin cocin, har sau uku shi yana nan inda yake.

Amma ba da kujeru aka san shi ba. An san shi da mutanen komi.

Ga yadda abin ya faro. Shekara talatin da shida da suka wuce, wani Fada baƙo, dogo, wanda rana ke mayar da kunnuwansa jajaye, ya sa aka aiko masa da akwati daga ƙasarsu. A ciki akwai mutum-mutumin tangaran na haihuwar Yesu: Maryamu, Yusufu, makiyaya, da jariri a komin dabbobi. Leburan da ya sauke akwatin daga mota bai san abin da ke ciki ba, ya wurgo shi kamar buhun siminti. Da aka buɗe, Maryamu ta rabu gida uku, Yusufu ba kai, makiyaya kuwa sai da tsintsiya aka kwashe su. Jaririn kaɗai ya tsira, fari sol, gashi rawaya, idanu shuɗaye, ko ƙwarzane babu.

Fada ya kira Kafinta, lokacin yana matashi sabon ango, ya ba shi hoton da ke manne a jikin akwatin, ya ce ya sassaƙo irinsu da katako. Sau uku yana gwadawa, sau uku Maryamu na fitowa da fuskar wadda aka ɗura wa magani mai ɗaci. Rannan ya gaji ya mayar da hoton.

"Fada, hannuna ba ya bin takarda. Abin da idona ya gani yana numfashi, shi yake bi. Gani ya kori ji."

Ya koma gida ya tarar da amaryarsa tana wanke-wanke tana 'yar waƙarta. Ya jawo kujera ya zauna yana kallonta har ta tsargu ta watsa masa ruwan kumfa. Bayan mako biyu ya kai Maryamu coci a naɗe cikin zane. Ana yaye zanen, shugabar ƙungiyar mata ta dafe ƙirji.

"Yau na ga ikon Allah! Maryamu da wushirya?"

Fada ya yi dariya har da hawaye. Ya ce a bar ta yadda take, ai a garinsu ma Maryamun cocinsu da 'yar mai sayar da madara take kama, kowa ya sani, ba a dai faɗa ne.

Unguwar ta ma'aikata ce, masana'antu sun kewaye ta, neman abinci kuma ya tara mutane daga ƙasashe nesa da kusa. Duk wanda ya shigo cocin ya leƙa wurin komi sai ya karkata kai ya ce, "A wurinmu ba haka ake yi ba." Mai gyaran agogo, da ya fito daga ƙasar sanyi, ya ce ina mai kawo itacen wuta, so ake jariri ya daskare? Wata tela daga tsibiri ta ce a wurinsu dole masunci ya zo da kwandon kifi, don mai jego ba turare za ta ci ba. Amsar Kafinta ɗaya ce: "Zan yi, amma sai an zauna na kalli mutum." Haka mai agogo ya zama mai itace, da ƙaton hancinsa da komai, mijin telar kuma ya zama masunci. Mutum ɗaya ne ya koma hannu wofi, wani mai gadin masana'anta da ya dage cewa a tsaunukansu ba jaki ake sawa ba, wata dabba ce mai dogon wuya da gashi buzu-buzu. Kafinta ya ce, "Kawo min ita in gani." Har yau ba a kawo ba.

Da haka mutanen komi suka kai ashirin da uku. Rabin masu fuskokin sun rasu, wasu sun koma ƙasashensu. 'Ya'yansu kan tsaya gaban komi su ɗaga nasu 'ya'yan su ce, "Ga kakanka can, mai ɗauke da itace." Matar Kafinta ma shekara takwas ke nan da rasuwarta. Duk shekara in ya kwance Maryamu daga tsumma, sai ya hure mata ƙura ya ce, "Sannu da hutawa, uwargida," kafin ya ɗora ta a wurinta.

Jaririn tangaran ne kawai bai canza ba. Mai agogo, lokacin yana raye, ba ya gajiya da tsokana: uwa baƙa, uba baƙi, ɗa kamar an wanke shi da madara. Kafinta kan ce, "To wa ya gaya maka Yusufu ne ubansa?"

A cocin nan, makonni huɗun da ake jiran Kirsimeti, kowace Lahadi ana kunna kyandir ɗaya, Kafinta kuma ya riƙa fito da mutanensa kaɗan-kaɗan: dabbobi tukuna, sai makiyaya, sai baƙi, sai Maryamu da Yusufu. Komin kuwa a bar shi wofi. Sai safiyar Kirsimeti macen da ta haihu ƙarshe a cocin ta karɓi jaririn a bakin ƙofa, ta tako da shi har gaba ta kwantar. Ba wanda ya tuna wa ya fara wannan tsari, amma ka ce za ka taɓa shi ka ga tashin hankali.

Autar Kafinta ita ce mai wanke zanen da ake naɗe jaririn, ta goge, ta ninke. Shekararta tara da aure da wani direban babbar mota. Ciki uku, ɓari uku. Duk Kirsimeti ita ke miƙa wa wata mace jaririn a bakin ƙofa, ta gyara mata riƙo, ta koma bencin baya ta zauna. Uban yana gani, kuma abin yana cin zuciyarsa. Mutumin da ba a taɓa kawo masa karyayyen abu ya ce ba ya gyaruwa ba, a wannan kam nasa ido.

A watan Janairun bana, ana kwashe mutanen komi, jaririn ya suɓuce daga hannun Kafinta. Shekara biyu ke nan hannun na rawa yana ɓoyewa, wai sanyi ne. Abin da ya tsira daga lebura bai tsira daga shi ba. Ya tarwatse a kan siminti, gam ɗin duniya ba zai haɗa shi ba. Fada na yanzu, wani matashi mai sanyin hali, ya ce ba komai, a aika a kawo wani. Kafinta ya ji kamar an mare shi.

"Ni na fasa, ni zan yi."

Katako kam yana da shi: ragowar guntun da ya sassaƙa Maryamu, yana soke a jikin rufin shago tun wancan lokaci. Fuska ce babu. Da labari ya bazu, masu jego suka yi ta sintiri a shagon, kowacce da nata a goye, wai gaisuwa suka zo. Da Nuwamba ta kama, ya tsayar da ɗan matar mai gidan burodi, wani ɓul-ɓul mai kumatu. Auta a lokacin tana ɗauke da ciki na huɗu, tana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Baba, da ka jira nawa."

"Naki sai ƙarshen Janairu. Kirsimeti ba ta jiran kowa, 'yar nan."

Ranar Asabar, ana gobe za a kunna kyandir na farko, aka kira shi daga asibiti. Jini ya ɓalle wa Auta, an yi mata aiki, an ciro ɗa namiji, bakwaini, an ruga da shi an sa a kwalba. Mijin yana kan hanya da kaya, kwana biyu tsakaninsa da gida. Kafinta ya same ta kwance, leɓenta ya bushe, allurar barci ba ta gama sakinta ba.

"Baba, ka gan shi?"

"Ban gan shi ba tukuna."

"Ni ma ban gan shi ba. Ya ji kana neman fuska ne, shi ya sa ya yi sauri." Ta kamo hannunsa. "Tasa za ka sassaƙa. Ka ce min to."

"To," in ji shi. A wannan halin ba zai iya ce wa Auta a'a ba.

Ɗakin bakwaini a ƙarshen wani dogon baranda yake. Uwa kaɗai ke shiga, ita ma sai ta wanke hannu har gwiwar hannu ta sa takunkumi. Kakanni da sauran dangi taga ce rabonsu, ƙarfe huɗu na yamma, minti goma. Kafinta ya manna goshi a gilashi. Babbar nas ɗin ɗakin, wadda kowa ke kira Sista, ta nuna masa kwalba ta uku. Ya ga ƙafa biyu da ba su fi yatsunsa ba. Ya ga ƙirji yana sama yana ƙasa da sauri-sauri. Fuska kuwa babu. Hula ta sauko har gira, an ɗaure idanu da tsumma saboda fitilar maganin ciwon shawara, robar numfashi ta rufe hanci, wata siririya ta shiga baki, filasta ta bi kumatu biyu. Abin da ya rage a buɗe bai wuce haɓa ba.

"Sista, yaushe za a cire masa waɗannan kayan?"

"In ya iya numfashi da kansa, Baba."

"Yaushe ke nan?"

"Wannan sai Allah."

Ya koma shago ya sauko da katakon. Makon farko ya yi ƙafafu, daidai yadda ya gan su, har da babban yatsan da ya ware daga 'yan'uwansa. In hannun ya tashi rawarsa, sai ya riƙe wuyan na dama da na hagu ya tura wuƙar a hankali, aikin awa ɗaya ya koma na yini. Mako na biyu ya yi ciki da hannuwa a dunƙule. Ya yi wuya, ya yi haɓa. Daga haɓa zuwa sama katako ne sumul, ba ido ba hanci.

Kullum ƙarfe uku da rabi sai ya kakkaɓe riga ya hau bas. Kullum Sista da labarinta: yau ya ƙara nauyi kaɗan, gobe ya rage, yau zazzaɓi, gobe ya sauka. An sallami Auta amma ba ta je ko'ina ba, ta yi shimfiɗa a baranda tare da sauran iyaye mata, duk bayan awa uku ta tatse nono a ɗan kofi ta miƙa. Ta nuna masa hotuna a wayarta, sun fi ɗari, duk roba ce da filasta. Ita ma ba ta taɓa ganin fuskar gaba ɗaya ba, don ko filasta za a canza gefe-gefe ake yi, hannun nas a kai. Ba ta taɓa ɗaukarsa ba, yatsa kawai take zurawa ta 'yar ƙofar kwalba ya kama.

"Baba, ka fara fuskar?"

"Ina jira."

"Ka jira. Zai nuna maka."

Ranar da aka kunna kyandir na uku, Kafinta ya yi ƙarfin hali. Ya saka jaririn katakon a jaka ya tafi da shi asibiti, ya tare Sista a baranda ya buɗe mata.

"Minti ɗaya, 'yata. Ki ɗage robar minti ɗaya kawai. Idona ba ya mantuwa, ya ishe ni."

Sista ta daɗe tana kallon abin da ke cikin jakar, jiki cikakke ba fuska. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Baba, minti ɗayan nan da kake roƙo, shi ne ransa."

Kunya ta rufe shi. Ya zuge jakar ya zauna a bencin baranda, bencin ya karkata da shi, ƙafa ɗaya ta saki. Washegari sai ga shi da guduma da ƙusa, don in bai gyara wani abu a wurin nan ba zuciyarsa za ta fashe. Bugu biyu ya yi Sista ta fito a fusace.

"Haba Baba! Guduma a ƙofar bakwaini?"

Ya mayar da gudumar jaka. Ko benci ba a bar shi ya gyara ba.

Fada ya same shi a shago a wannan makon, ya zauna a kan wata kujera da ba a gama ba, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya zo kan magana. Kwana sun ƙure. Me zai hana a koma kan ɗan mai burodi? Ko ya dubi fuskar Auta ya rage ta? Ai jarirai duk kamarsu ɗaya.

"Fada, kai da ba ka haifa ba ne za ka ce kamarsu ɗaya." Ya ga maganar ta yi kaifi, ya sassauta murya. "Ka yi haƙuri. Shekara talatin da shida ban yi wa katako ƙarya ba. Kuma na ce mata to."

Abin da bai faɗa wa Fada ba shi ne tsoro yake ji. Gani yake ranar da ya ɗora fuskar wani a katakon nan, ranar ya cire rai daga jikansa, kuma Auta za ta gane tun daga takunsa a baranda. Shi ba mutum ne mai doguwar addu'a ba, a coci ma bakinsa kawai ke motsi. Amma yanzu kullum da safe in ya buɗe ƙofar coci sai ya tsaya gaban teburi ya ce, "Ubangiji, ban saba damunka ba. A cire robar nan in ga yaron nan." Sannan ya wuce wurin akwatin da Maryamu ke ciki ya ƙwanƙwasa murfin da yatsa. "Uwargida, jikanki ne fa. Ke kina kusa, ki sa baki."

Lahadi ta huɗu ya fito da Maryamu da Yusufu ya tsayar da su a gefen komi. Kyandir huɗu na ci, komi wofi, Kirsimeti kuma ranar Juma'a. Mutane suna gaishe shi suna kawar da ido.

Ranar Talata da hantsi yana goge kafaɗar jaririn da samfefa, sai inuwa ta tare masa haske. Surukinsa ne direba, tsaye a ƙofa, hula a hannu.

"Baba, Sista ta ce ka zo. Ta ce ka shiga ciki."

Bai tambayi komai ba. Ɗakin da aka hana shi shiga kwana ashirin da huɗu, ya san ba don alheri aka buɗe masa shi yau ba. Ya ajiye samfefar, ya ɗauki tabaransa, suka tafi.

Ba wanda ya ce ya wanke hannu. Kwalba ta uku a buɗe take, an kashe fitilarta. Auta na zaune a kujera, yaron a hannunta, karon farko tun da ta haife shi. Ba hula, ba tsumma, ba roba. Sista ta juya baya tana gyara zanen gadon da ba ya bukatar gyara.

"Baba, zo ka gani," in ji Auta. Muryarta ba kuka a ciki, shi ya fi tsorata shi. "Duba da kyau."

Ya durƙusa ya sa tabarau ya duba. Faffaɗan goshi irin na direba. Ɗan hanci. Kunnen hagu ya lanƙwashe saboda kwanciya. Leɓen sama ya ɗan ɗaga a tsakiya, sak na uwargida. Kyakkyawan yaro ne, Allah sarki, kyakkyawa ƙwarai. Minti ɗaya Kafinta ya roƙa, yau ga shi an ba shi iya yadda yake so, ba mai cewa lokaci ya cika. Da ya san ta wannan hanya za a nuna masa, da ya roƙa a bar robar shekara goma.

Shi ya haɗa akwatin gawar, wa zai bari ya yi? Bai ɗauko ma'auni ba, idonsa ya riga ya auna. Ko sabon katako bai yanka ba, guntayen da ke ƙarƙashin tebur, waɗanda ya saba bai wa maƙwabta su hura wuta, su suka isa har da saura. Kafin rana ta faɗi aka rufe yaron kusa da kakarsa.

Ranar Laraba ya buɗe shago ya zauna, hannuwa a cinya. Jaririn katakon na kan tebur, ya jefa masa tsumma don kada su haɗa ido da abin da ba shi da ido. Ya yanke shawarar zai je ya gaya wa Fada a nemi wani jariri ko na roba ne. Yana nan zaune sai ga Auta, tana tafe tana dafe da wurin ɗinki. Ta share garin katako daga kan benci ta zauna.

"Ba ni da hotonsa ko ɗaya da ba roba. Jiya ban iya ɗauka ba." Ta dubi tsumman da ke kan tebur. "Ta fara ɓace min, Baba. Na rufe ido ina nema, filasta nake gani. A idonka kaɗai ta rage."

Ya yaye tsumman ya ɗauki wuƙa.

Yini biyu ya yi a kai, tana zaune tana kallo. Hannun bai daina rawa don tausayinsa ba. Ya yanke babban yatsa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Goshin ya fito, hancin ya fito, kunnen da ya lanƙwashe ya bar shi a lanƙwashe. Idanu ya yi su a rufe, don bai taɓa ganinsu a buɗe ba. Da ya zo kan leɓen sama, sai da ya fita rumfa ya tsaya ya dawo. Yammacin Alhamis ya shafa mai, ya juyo da shi wajen haske. Auta ta duba ta ce, "Shi ne."

A can ƙungiyar mata kuwa an yi ta ƙus-ƙus kan wadda za ta ɗauki jariri gobe. Wasu suka ce a tausaya wa Auta kada a fama mata ciwo, a ba matar mai burodi. Matar mai burodi ta gyara goyonta ta ce, "Ni ban haihu bayan Auta ba. Kada a sa ni cikin abin da ba nawa ba." Fada ya je da kansa ya tambayi Auta, ta ce za ta ɗauka.

Safiyar Kirsimeti coci ya cika har baranda. A bakin ƙofa, wurin da Auta ta saba tsayawa ta miƙa wa wasu, yau ubanta ne ya tsaya ya miƙa mata, a naɗe cikin zanen da ita ta goge. Mawaƙa suka ɗauki waƙa. Ta tako a hankali saboda ɗinki, mutane na miƙa wuya su ga sabuwar fuska, duk wanda ya gani sai ya sunkuyar da kai. Ta wuce mai itace, ta wuce masunci, ta isa gaban Maryamu mai wushirya, ta durƙusa a bakin komi.

Ba ta kwantar da shi ba.

Waƙa ta ƙare, shugaban mawaƙa ya dubi Fada, ya ɗaga hannu aka sake ɗaukowa daga farko. Ta sake ƙarewa. Coci ya yi tsit, sai kukan ɗan mai burodi daga baya. Fada ya dubi Kafinta. Kowa ma shi yake kallo, don a cocin nan in abu ya ƙi zama daidai shi ake kira. Ya tako har gaba, gwiwoyinsa na ƙara, ya durƙusa kusa da 'yarsa.

"Auta," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kwantar da shi, 'yar nan."

"Baba, ranar Talata kun ce in ajiye shi, na ajiye, kuka rufe. Yau ma in sake?"

Ya miƙa hannu zai karɓa, hannun ya yi ta rawa a tsakaninsu, ya janye shi. Ya ɗaga kai ya dubi fuskar matarsa, ita ma murmushin da ya sassaƙa mata kawai take yi. Sai ya kama Auta a kafaɗa ya tashe ta, ya raka ta bencin baya da jaririn a ƙirjinta.

Haka aka yi sujadar da komi wofi. Da aka tashi, lokacin da aka saba bin layi a gaida jariri, mutane suka tsaya cirko-cirko ba su san inda za su nufa ba. Tsohuwar telar nan ta tsibiri ce ta fara juyawa, ta dogara sandarta har bencin baya, ta taɓa ƙafar jaririn ta faɗi wata magana da harshensu. Ɗan mai agogo ya biyo ta ya faɗi tasa da nasu. Mai gadi ya zo, matar mai burodi ta zo, layi ya miƙe har ƙofa. Auta ba ta ɗago ba, amma duk wanda ya zo sai ta ɗan janye zanen ta nuna masa fuskar.

Azahar ta yi, coci ya watse. Direba ya zo ya yi mata magana, ta girgiza kai, ya fita ya tsaya a baranda. Kyandir sun cinye, wasu sun mutu da kansu. Kafinta ya rufe tagogi ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, ya zo bakin ƙofa ya zaro makulli. Ya waiwayo. Tana nan inda take, tana jijjiga katakon a hankali. Shi ya yi bencin, shi ya yi komin, shi ya yi abin da ke hannunta, kuma bai san kalma ɗaya da za ta sa ta ajiye ba. Ya mayar da makullin aljihu, ya dawo ya zauna kusa da ita.